Gidan Ya Yi Kyau, Amma Damina Ba Ta Gan Shi Ba Tukuna

Wasiƙar wannan makon daga wani matashi ce, ma'aikacin lafiya a nan Sakkwato. Na taƙaita ta, na kuma cire sunaye:

"Baba, ina wuni. Aurena saura wata biyu, hayar ɗakin da nike ciki kuma ta kusa ƙarewa. Na haɗa abin da na tara, da rabona na gadon mahaifinmu, da bashin da na ci na ƙungiyarmu ta wurin aiki, don in sayi gida in sa iyalina. Kawun yarinyar da zan aura dillali ne, shi ya kai ni wani gida wajen Mabera: ɗaki uku da falo, tayil har tsakar gida, silin na fi-o-fi, sabon get, fenti sai ƙyalli. Mai shi ya saye shi hannun wasu magada wata biyar da sunka wuce, ya gyara. Munka daidaita miliyan 28, na ba da kafin alƙalami miliyan 2. Shekaranjiya na koma ni ɗai, sai na ga fenti ya kumbura ƙasan bangon ɗaki guda, ƙofar wani ɗakin kuma ba ta rufuwa sai an danna da kafaɗa. Da zan fita wani dattijo maƙwabci ya ce mani, 'Kai ne mai sayen gidan ga? To, Allah shi sa ka iya da shi,' ya shige abinai. Kawu ya ce in cika kuɗi cikin mako biyu, don akwai wani Alhaji da ke jira da kuɗi a hannu. Ina son in kawo magini ya duba, amma ina jin nauyi, kada a ce tun ba a ɗaura ba na fara tuhumar surukaina. Mi kake gani?"

Lafiya lau, ɗana. Allah ya sanya alheri a auren, ya jiƙan mahaifinka.

Kada ka cika kuɗin nan cikin mako biyu. Kada ka cika shi sai wanda kai ka ɗauko, kai kuma za ka biya, ya bi gidan daga rufi har sokawe, lauya ya bi takardunsa. In da hali ma, sai ruwan sama ya sauka a kansa kana tsaye kana kallo. Sauran maganar duk bayanin dalili ne, da yadda za ka yi hakan ba tare da ka ɓata da gidan surukanka ba, don na lura can ne abin ya fi ci maka tuwo a ƙwarya.

Kada mu ɗauki alhakin mutane: sayen tsohon gida a gyara a sayar ba laifi ba ne, kasuwanci ne kamar kowane, kuma akwai masu yinsa da tsoron Allah. Amma ka duba lissafin mai yinsa. Kuɗinsa a kwance suke muddin gidan bai fita ba, ribarsa kuma ita ce abin da ya rage bayan an cire kuɗin saye da na gyara. Abu biyu ke jansa ke nan, ya kashe kaɗan, ya gama da wuri. Abin da ya zuba a get da fitilun falo kowa zai gani, zai ɗaga farashi. Abin da ya zuba a katakon rufi, ko wayar da ke cikin bango, ko ramin sokawe, ba mai ganinsa ranar ciniki. Mutumin da ba shi da niyyar kwana a gidan ko dare ɗaya, ina kake jin hannunsa zai fi sakin kuɗi?

Sai kuma lokaci. Yanzu muna Afrilu. Ya saya wajen Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa, ya yi aikinsa cikin hunturu, ya fito da gidan kasuwa a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ƙasa ta bushe ƙayau, bangon da ke shan ruwa ma ya huta. Ruwanmu sai Yuni yake zama sosai, ya kai Satumba, Agusta kuwa shi ne mai yanke hukunci. Gyaran nan bai taɓa haɗuwa da damina ba ko sau ɗaya. Ban ce da gangan aka tsara haka ba, lokacin gini ne dama. Amma wanda ya sayi gidan da aka sabunta a bazara bai bincika ba, cinikin biri a sama ya yi.

Abubuwa uku ka gani, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Fentin da ya kumbura ya fi damuna saboda watan da ya kumbura. Sabon fenti ya tashi a ƙasan bango cikin Afrilu, ba ko ɗigon ruwa daga sama, to danshin daga wani wuri yake zuwa. Ka fara zagayawa bayan bangon. In banɗaki ne ko madafi, mai yiwuwa bututu ne ke tsiyaya a ciki, wannan gyara ne mai iyaka: a fasa, a sauya, a mayar. In kuwa babu famfo kusa, sai ka ɓare wurin da farce. Ka ga farin gari kamar gishiri a ƙarƙashi, filastar tana marmashewa? Shi ne abin da magina ke cewa kanwa ta ci gini. Ruwan ƙasa ne ke hawa ta cikin bulo yana ɗauke da gishirinsa, yakan kai kusan mita guda, ya bushe ya bar gishirin, gishirin ya ture fenti. Maganinsa tun a harsashi ake yinsa, da shimfiɗar kankare da leda da ke raba bango da ƙasa, tsofaffin gidaje da yawa kuwa ba su da ita. Mai gyaran gaggawa ba ya tona harsashi. Abin da yake yi shi ne ya kankare wurin, ya shafe, ya yi fenti, ko ya manna tayil a bangon zuwa ƙugu. Tayil ba ya kashe danshi, hanyar fita kawai yake toshe masa, sai ya ƙara hawa ya ɓullo ta samansa. Don haka in ka ga tayil ya zagaye bangon waje zuwa ƙugu, kada ka ce ado ne tukuna, ka tambaya me ke bayansa.

Ƙofar da ba ta rufuwa tana iya zama sakacin kafinta, abin gyaran rabin wuni. Tana kuma iya zama bangon ne ya zauna ta gefe guda ya murɗe ta. Hanyar ganewa ba wuya. Ka je da magariba, ka kashe fitilar ɗakin, ka manna tocila a jikin bango ta haska shi a kwance. Duk inda aka cike tsaga aka shafe zai fito, komai kyan fentin. Ka fi duba kusurwoyin ƙofa da taga ta sama. Siririyar tsaga kamar zare a jikin filasta ba abin tsoro ba ce, zafinmu da hunturunmu suna yi wa kowane gida wannan. Wadda ake gudu ita ce mai tafiya a karkace, tana bin gaɓar bulo hawa-hawa, ta fi faɗi a sama, ana ganinta ciki da waje a wuri ɗaya, bakin makulli yana shiga cikinta. Wannan daga ƙasa take. Ko dai an yi ginin a kan kududdufin da aka cike da bola, ko ƙasar laka ce irin ta gangaren fadama mai kumbura da damina ta tsuke da rani, ko sokawe na tsiyaya kusa da harsashi, ko an liƙa sabon ɗaki a jikin tsoho kowanne yana zama da nasa nauyin. Akwai kuma wani abu da mutane ke mantawa. Tsohon gidan magada da wuya a ce ba shi da masai na rami. Ina yake yanzu? In an cike shi an ɗora ɗaki a kai an shimfiɗa tayil, daɓen wurin zai yi ta nutsewa a hankali. Ka bi tayil ɗin da makulli kana ƙwanƙwasawa. Inda ya kama, ƙarar a cike take. Inda ƙasa ta janye, za ka ji ƙwal-ƙwal.

Na ukun shi ne mafi daraja, kuma kyauta ka same shi. Dattijon Basakkwace ba ya ce wa baƙo "Allah shi sa ka iya da shi" don ya rasa abin faɗa. Ya san wani abu, ya ga kuma ba huruminsa ba ne ya ɓata cinikin wani a bakin titi. Ka koma, ba tare da kawu ba. Ka yi sallar la'asar a masallacin layin, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka gaya masa kai ɗan wane ne, ka ce shawara ka zo nema irin ta ɗa da uba. Kada ka tambaye shi "gidan yana da kyau?", zai ce maka sai alheri. Ka tambaye shi abin da ke da amsa: ina ruwa ke tsayawa a layin nan cikin Agusta, kuma kwana nawa yake yi? Ginin asali na ƙasa ne ko na bulo? An sauke rufin ko fenti aka yi masa? Magadan duka sun yarda da sayarwar? Ka kuma tura yayarka ta shiga wurin matan maƙwabta da sunan gaisuwa. Su ne ke kwashe ruwa daga ɗaki da tsakar dare, sun fi mazan sanin inda yake shigowa.

Idonka ma zai gaya maka. Kowa ya san wasu lungunan Mabera da kwanciyar ruwa, wasu kuma lafiya lau, layi da layi ma sukan bambanta. Katangarka an yi mata fenti, amma ba a yi wa ta maƙwabta ba. Ka duba tasu: zanen da ruwa ya bari yana nan, duhu-duhu, a miƙe. Ka duba ko sun gina tudun bulo a bakin ƙofofinsu suna tsallakewa. Ka tsaya a tsakiyar titi ka kwatanta shi da daɓen gidan, don sau da yawa ana ɗaga titi da ciko tsohon gida ya koma rami. Ka sa a kwarara jarka huɗu ko biyar a tsakar gidan ka ga inda ruwan ya nufa, ko waje, ko ƙofar falo. Mutanen garin nan ba su manta Satumbar 2010 ba, da ambaliyar Rima ta yanke hanyar jami'ar Ɗanfodiyo, amma ba irin wannan ke kashe yawancin gidaje ba. Ruwan da ke kwana uku a gindin bango kowace shekara shi ke yi, ba tare da an ji labarinsa a rediyo ba.

Batun ginin ƙasa da na ce ka tambaya, ga dalilinsa. Ginin ƙasa ba aibi ba ne, a zafin nan ma ya fi bulo sanyi. Aibin shi ne a lulluɓe shi da siminti a sayar maka da kuɗin ginin bulo. Siminti da ƙasa ba sa riƙe juna da kyau. Ruwa ya samu ƙofa ta sama ya shiga tsakaninsu, ba ya fita, ƙasar tana jiƙewa a ɓoye, waje kuma sumul, har ranar da ɓangare guda zai zube gaba ɗaya. Ka auna kaurin bango ta bakin taga. Bulo mai inci 9 da filastarsa bai wuce taƙi ɗaya da ɗan ƙari ba. In ka ga wani bangon ya yi kauri fiye da sauran, ko ba ya miƙe sosai, ka sa a huda shi ta wani lungu a ga launin garin da zai fito. Inda aka yi sabon gini kuma, ka karci bulon da ƙusa ta inda ba a shafe ba, kamar saman katanga. Muna da kamfanin siminti a Kalambaina, a bakin gari, amma hakan bai hana a yi wa bulo rowar siminti ba. Ko an sa shi daidai ma, kankare sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfinsa, yana kuma son ban-ruwa na aƙalla mako guda. Aikin da aka yi cikin iskar hunturu ana sauri, ba ban-ruwa, kafin ya kama ya bushe.

Rufi kuwa ba a duba shi daga falo. Ka nemi tsani, ka nemi ƙofar shiga silin (in babu ita, ko an toshe ta, wannan ma abin tambaya ne), ka leƙa da tsakar rana, tocila a kashe. In tsohon kwano ne aka yi wa fenti ta sama, za ka ga haske yana tsiyayowa ta hujojin ƙusa nan da can. Duk inda haske ya shigo yau, ruwa zai shigo a Agusta. Sannan ka kunna tocilar ka bi katakon. Gara tana barin hanyarta ta jar ƙasa a jikinsa. Ka soka sukundireba, in ta nutse ba gardama, katakon ya zama ɓawo. Ka duba ko an shafa masa maganin gara, ka kuma duba ko an ɗaure shi da bangon da ƙarfe ko ɗora shi kawai aka yi, don iskar farkon damina a nan ba ta tambayar kuɗin fentin gida kafin ta yaye rufi. Shi kuma fi-o-fi, in ya sha ruwa nauyi yake yi, kuma ba ya faɗowa kaɗan-kaɗan.

Wuta da famfo ba zan daɗe a kansu ba, aikin masu sana'ar ne. Mai wayarin ya kwance soket biyu ko uku ya ga ko sabon murfi ne a kan tsohuwar waya. Kaurin waya da lamba ake faɗinsa: fitilu waya mai 1.5 ake ja musu, soket 2.5, na'urar sanyaya ɗaki 4. In an ja ƙasa da haka don a rage kuɗi, ranar da ka haɗa firji da na'urar sanyi a watan Afrilu wayar za ta yi zafi a cikin silin, inda ba mai gani. A buɗe famfuna duka lokaci guda, a zuba bokitai a masai a ga ko yana janyewa, a ɗaga murfin sokawe a leƙa. In akwai rijiya ko burtsatse, a auna tsakaninta da sokawe, naku da na maƙwabta. Ƙasa da mita 15 ya yi kusa, 30 ta fi kwanciyar hankali. Kai ma'aikacin lafiya ne, ba sai na gaya maka abin da ke biyo baya ba. Ka kuma ɗauki lambar mita ka je ofishin wutar lantarki, Sakkwato tana ƙarƙashin kamfanin rarrabawa na Kaduna ne, ka ji ko akwai bashi a kanta.

Duk wannan da na lissafa don ka san abin da ake nema ne, ba don ka zama magini ba. Ka ɗauko injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ko aƙalla tsohon magini wanda danginka suka sani da gaskiya. Ba wanda ya yi gyaran ba, ba wanda kawu zai kawo ba. Ka ce a rubuta maka abin da aka gani da ƙiyasin kuɗin gyaran kowanne. Abin da za ka biya shi bai taka kara ya karya ba a gefen miliyan 26 da suka rage a hannunka. Mai gidan kuma ka nemi ya nuna maka hotunan gidan kafin gyara da lokacin aiki. A zamanin nan ba wanda ke gyara gida bai ɗauki hoto a waya ba. Wanda ya yi aiki na gaskiya da murna yake nunawa, har ya ba ka lambar magininsa.

Takardu. Gidan da ya fito daga hannun magada ya shiga hannun ɗan kasuwa ya zo hannunka cikin wata biyar, igiyarsa na da ƙulli biyu, kowanne sai an duba. Shin an raba gadon, ko wani babban wa ne ya sayar a madadin kowa? Akwai mata a ciki da ke aure a wani gari, ko yara ƙanana, ko wanda ke tafiya? Wanda bai sa hannu ba yana iya tasowa bayan shekaru, kuma gabanka zai tsaya, ba gaban wanda ya ci ribarsa ya tafi ba. A nuna maka takardar rabon gado ko ta amincewar magadan duka. Sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen jiha a hannun gwamna, sashe na 22 kuma ya ce mai takardar shaidar mallaka ba ya miƙa ta ga wani sai da amincewar gwamna. Masu saye su sayar da wuri galibi ba sa tsayawa wannan, sai ka tarar takardar har yanzu da sunan mamacin take. Lauyanka ya je ma'aikatar filaye da ofishin SOGIS, mai adana bayanan filayen jihar Sakkwato, ya binciki fayil ɗin: sunan wa ke kai, an jinginar da shi a banki, iyakokin da ke takarda su ne na katangar? In an ƙara ɗaki ko shago, da izinin hukumar tsara birni aka yi, ko an ci hanya ko magudanar ruwa? Ranar biya kuma ta banki, zuwa asusun mai gidan da sunansa, ba hannun dillali ba, ko da dillalin kawu ne.

Akwai abin da nake so ka riƙe ta fuskar addini, don zai ba ka ƙarfin gwiwa, zai kuma nuna maka hatsarin yin shiru. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, yatsunsa suka ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce masa me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ka lura, hannu aka cusa, ba a tsaya ga abin da ke sama ba. Malamanmu na Malikiyya kuma sun yi wa aibin gida bayani dalla-dalla. A Tuhfa, littafin hukunce-hukuncen shari'a da alƙalanmu ke aiki da shi, an kasa shi uku: ƙarami da ba ya taɓa farashi, ba komai a kansa, matsakaici, kamar tsagar bangon da ba a tsoron faɗuwarsa, mai saye ya karɓi ragin kuɗi gwargwadonsa, wanda ya ci sulusin kuɗin ko fiye, a mayar da gida a karɓi kuɗi. Cewa "na sayar yadda ka gan shi" ba ta wanke wanda ya san aibi ya ɓoye. Amma duk wannan a kan aibin da ya ɓuya ne. Wanda ka gani da idonka kafin ciniki ka yi shiru ka biya, ka yarda da shi ke nan. Kai kuwa ka riga ka ga fentin, ka ga ƙofar. In ka cika kuɗi don kunya, ka rufe wa kanka bakin magana. A babbar kotu ma, inda rikicin fili mai takardar gwamna ke zuwa, ƙa'idar ita ce mai saye ya buɗe idonsa, sai fa in ka iya tabbatar da an yaudare ka, wannan kuwa aikin shekaru ne da kuɗin lauya.

Fiƙihun ya kuma ba ka ƙofa: mai sayen gida yana iya gindaya sharaɗin zaɓi na kamar wata guda, ya bincika, ya ɗauka ko ya bari. Wata guda daga yanzu ba zai kai ka Agusta ba, amma ya ishi injiniya da lauya. In sakamakonsu ya yi kyau, abin da ya rage shakkar ruwa ce kawai, sai ku rubuta cewa za ka riƙe wani kaso na kuɗin zuwa ƙarshen Satumba, mai gidan kuma ya sa hannu a kan abin da ya faɗa da baki: bango bulo ne, rufi sabo ne, ruwa ba ya shiga. In ya tabbata, ka cika masa. In ba haka ba, a yi gyara daga ciki. Lauya ya tsara, malami ya duba. Batun kafin alƙalami kuma, Imam Malik bai halatta a cinye shi don ciniki ya fasu ba, sai dai ka koma ka karanta abin da ka sa wa hannu ranar da ka bayar, don da shi za a fara yi maka magana.

Alhajin da ke jira da kuɗi a hannu, kusan duk gidan da aka sa a kasuwa a garin nan yana da shi. In na gaske ne, to madalla, ya saya, miliyan biyunka su dawo cikin sauƙi.

Saura kawu. Ba na so ka ɗauke shi maƙiyi. Dillali ne, la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, don haka gaggawarsa ta sana'a ce. Mai yiwuwa shi ma bai taɓa leƙa silin ɗin ba, abin da aka gaya masa ya gaya maka. Hausawa sun ce kunyar mara kunya asara ce, amma nan ba ma wurinta ba ne, don ba a kai ga sanin ko akwai mara kunya a cikin maganar ba. Abin da ke akwai shi ne kai ba ka dace ka yi wannan maganar da bakinka ba. Kana da baffa, ko wanda zai karɓa maka aure. Shi zai je, manya su gana. Abin da zai faɗa gajere ne kuma gaskiya ne: kuɗin nan akwai gadon mahaifin yaron a ciki, akwai bashi, mu manyansa ba za mu bari a cika ba sai injiniya da lauya sun duba, ba don rashin yarda da kai ba. Ya kuma tuna masa, cikin raha, wa za ta kwana ƙarƙashin wannan rufin. 'Yar ƙanwarsa ce ko ta yayarsa. Gadon da katifar da kujerun da iyayenta suka sha wuya suka haɗa su ne za a jingina da bangon nan mai danshi. Ranar da ruwa ya shiga ɗakin amarya, ba wanda zai tuna cewa ango ya yi kara, abin da za a ce shi ne kawunta ne ya kai su. Binciken nan mutuncinsa yake karewa kafin naka, kuma in mai hankali ne zai gane haka tun kafin baffanka ya rufe baki.

Ita ma yarinyar ka gaya mata, a taƙaice, ba tare da ka ambaci kawunta da laifi ba. Gara ta ji daga bakinka cewa tarewa a gidan na iya jinkiri, da ta ji a bakin mata cewa ango ya fasa sayen gida.

Ka kuma raba auren da gidan, don haɗa su da ka yi shi ya sa mako biyu ke ba ka tsoro. Ba a ce sai a gidan kanka za a kai amarya ba. Mutane nawa suka fara a haya suka gina nasu a tsanake? In rahoto ya zo da ƙananan abubuwa, bututu, ƙofa, 'yan kwanoni, waya, a cire kuɗinsu daga farashi ka saya, ka gyara da mutanenka. In ya zo da harsashi, ko kwanciyar ruwa a layin, ko bangon ƙasa da aka ce maka bulo ne, ko magajin da bai sa hannu ba, ka bar shi komai ragin da aka yi maka, don kai mai albashi ne da bashi a wuya, ba ka da kuɗin gyara na biyu. In kuwa mai gidan ya ce sam ba za a hau silin ba, ba za a ɗaga murfin sokawe ba, to ba sai ka biya injiniya ba. Baffanka ya nemi kafin alƙalamin a gaban shaidun da aka bayar.

Kafin duk wannan, cikin makon nan, ka je wurin mai gidan da kake haya ka nemi ƙarin wata shida, ko ka sa a fara nema maka ɗaki biyu da falo na shekara guda, tun bai yi wa wani alkawari ba. Allah ya zaɓa maka mafi alheri.